'Yar Fari da Jirgin Legas

Tun kafin a gama haƙar doya Mahmuda yake maganar tafiya Legas, har mutanen unguwa suka haddace ta. Ma'aikaci ne a ofishin gona na Lafiya, a shekarun da garin yake ƙarƙashin Jos, kuma irin mutanen nan ne da idan abu ya shiga ransu sai mai rake na bakin titi ma ya sani. Hutunsa na shekara zai faɗo a tsakiyar bazara. Ya'akubu, yayan matarsa da yake aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya daɗe yana cewa su zo su ga teku da idonsu. To, bana za a je, kuma ba a motar haya za a wuni ana jijjiga ba. Jirgin sama za su hau daga Jos, shi da matarsa Sailuba da 'yarsu Sharifa.

Sharifa ta fi kowa ɗoki. Ba ta cika shekara huɗu ba, amma Allah ya ba ta kunne. Ba kasafai jirgi yake ratsa sararin Lafiya ba, in kuwa zai wuce, ita take fara jin sa tun yana can wajen Agyaragu. Sai a ga ta yar da abin da yake hannunta ta ruga tsakar gida ta ɗaga kai, manya na tambayar me ta gani, sai an jima su ma su ji rugugin. Da babanta ya gaya mata cewa a cikin irin wannan za ta zauna, kwana da kwanaki ba ta da wata hira sai ta tambayi ko akwai tabarma a ciki, ko za a bar ta ta leƙo ta ga Iya a ƙasa.

Iya ita ce Batulu, mahaifiyar Mahmuda, da take zaune tare da su a ɗakin da yake kusa da zaure. A wurinta yarinyar take kwana tun da aka yaye ta, ita take goya ta, ita take yi mata wasa. Sharifa 'yar fari ce, kuma Sailuba ta tashi a gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan 'yar ba. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta yi maganarta sai ta ce "yarinyar nan" ko "'yar Iya". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta lallashinta in ta faɗi, yarinyar ma Yaya take ce mata. Mahmuda boko ya saki bakinsa, yana kiran Sharifa gatsau har a gaban uwarsa, ita kuwa tana ce masa marar ta ido. Amma Iya ba ta da abin alfahari kamar matar ɗan nata. Duk gidan bikin da ta je sai ta ba da labarin Sailuba, cewa a wannan zamani da yara suka fetsare, ita ta samu mai kunya. Iya ta san abin da take yabawa, don ɗanta na fari da ya rasu yana ƙarami, har yau "wancan" take ce masa.

Kada kowa ya ɗauka Sailuba ba ta son 'yarta. Sonta take kamar ranta, ɓoyewa kawai ta iya. Tsokar da ta fi laushi a tukunya kullum a kwanon yarinyar take faɗawa, wai bisa kuskure. In tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, hannunta na kan rariya, idonta na kan inda yarinyar take wasa. Babu wanda ya san jikin Sharifa kamarta, kuma babu wanda ya fi ta nuna kamar bai sani ba.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ta zaunar da ita a gindin mangwaron tsakar gida za ta yi mata kitso. Tana sa hannu a kanta ta ji zafi zau, ba irin na rana ba. Ta ce mata ta sunkuya. Yarinyar ta gwada, ta fasa kuka, ta ce wuyanta. Sailuba ta ɗan danna kan a hankali, ta ji ya ƙi, ya sandare kamar an ɗaura masa kara. Ga shi sai runtse ido take tana ɓoye fuska a zanin uwar, wai haske yana damunta.  Sailuba ta bar kitson rabi, gefe ɗaya a kitse, gefe ɗaya a tsefe, ta ce wa Iya yarinyar nan ta ƙi tsayawa, da alama jikinta da ɗumi. Mahmuda ya hau babur ya je kemis ya sayo maganin zazzaɓi na ruwa, aka ɗura mata, zafin ya ɗan sauka, kowa ya ce alhamdu lillahi.

Da gari ya waye zafin ya dawo har ya fi na jiya. Sailuba ta fita bayan gida zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta ci karo da Doofan, maƙwabciyarsu, wata Batibiya mai sayar da doya a kasuwa, da katanga gajeriya ce kawai ta raba su. Ita kaɗai ce a duniya take ce mata Maman Sharifa, kuma duk sanda ta faɗa sai Sailuba ta waiga ta ga ko wani ya ji. Doofan ta ce ta ji kukan yarinya tun asuba. A nan, da yake babu idon kowa, Sailuba ta buɗe baki ta gaya mata komai, har maganar wuyan.

"To kin kai shi asibiti?" in ji Doofan da Hausarta ta kasuwa.

"Mota tana hanya. Jirginmu yau ne."

"Jirgi ba zai ƙare ba, Maman Sharifa. In yaro na ne, ko Landan ne ba na zuwa. Ki shiga ki ce musu ba ki tafiya."

Sailuba ta ce ba a yin haka. Doofan ta tambaye ta wa ya haifi yarinyar, ita ko tsohuwa. Ta ce ita dai ba ta taɓa gane wannan abu nasu ba, mace ta sha wahalar haihuwa sannan ta riƙa yi kamar ɗan maƙwabta ne. Ta ɗauki kwandonta ta wuce tana girgiza kai, Sailuba ta tsaya riƙe da kwanon da babu komai a ciki.

Fijon da Mahmuda ya yi shata ta iso da hantsi, direba ya buɗe but yana jira. An fito da akwatuna, ga buhun doya da galan ɗin man gyaɗa na tsaraba. Sharifa tana kwance a tabarma a ƙofar ɗakin Iya, an sa mata sabuwar rigar da aka ɗinka don tafiyar, leɓunanta sun bushe. A kanta uwa da ɗa suka tsaya suna ja-in-ja.

Mahmuda ya ce a tafi da ita. Tafiyar sama ba ta da nisa, kafin maganin ya sake ta sun sauka, kuma in ma ciwon ya ƙi, Legas ce gidan likitoci, wanne ne babu a can. Ban da haka, wace irin tafiya ce za a yi babu wadda ta fi kowa son jirgin? Iya ta ce ko kusa. Ba a ɗaukar yaro da zazzaɓi a hau da shi sama inda babu ƙasa babu mai taimako, in ya shiɗe a can wa za a kira? Zazzaɓin bazara ne, ta ga irinsa ba adadi, ɗanyen mangwaro ne da yawo a rana. Su bar mata 'yarta su je su sha iska, kafin su dawo tana guje-guje. Kowannensu da gaskiyarsa, kuma kowannensu don son yarinyar yake faɗa. Magana ɗaya ce babu wanda ya kawo, wato a fasa tafiyar a nufi asibiti. Mahmuda ba zai iya faɗa ba, ya riga ya cika gari da labari. Iya ba za ta faɗa ba, kada a ce ta hana ɗanta jin daɗi. Wanda ya rage ya faɗa mutum ɗaya ne, kuma tana tsaye a jikin bango da mayafi a kafaɗa tana kallon ƙasa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, direba kuma ya fara danna ham, sai Mahmuda ya juyo.

"Sailuba, ke me kika ce? Mu tafi da ita ko mu bar ta?"

Ya tambaye ta ne a gaban Iya. Tsohuwar ma ta juyo tana kallonta, ba da mugunta ba, da irin kallon nan na wadda ta san amsar da za ta ji kuma take shirin jin daɗinta. Maganar tana bakin Sailuba, ta ji ta har a kan harshe. So take ta ce wuyan yarinyar ya sandare, ba ta son haske, ni ba inda za ni. Amma faɗin haka daidai yake da cewa ta fi Iya lura da yarinyar, ta fi ta sanin jikinta, tana sonta har ba za ta iya ɓoyewa ba. Shekaru ta yi tana gina sunan mai kunya, ba ta san yadda ake rushe shi a tsaye da rana tsaka ba.

"Ni ina ruwana?" in ji ta a hankali. "'Yarku ce. Yadda Iya ta ce."

Iya ta yi murmushi ta sa mata albarka. Aka cire wa Sharifa sabuwar rigar. Da ta gane ba da ita za a tafi ba, ko ƙarfin kuka ba ta da shi, ta dai miƙo hannu ta ce, "Yaya, jirgi." Sailuba ta gyara mayafi ta wuce ta gabanta ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya tafiya ba.

Har suka wuce Akwanga suka fara hawan duwatsu fuskarta tana juye wajen taga. Mahmuda ya ɗauka tsoron jirgi ne, yana ta yi mata bayanin yadda ake ɗaura bel. A cikin jirgin kujerar da take kusa da taga ta zauna babu kowa, Sailuba ta ɗora jakarta a kai don kada ta riƙa ganin ta. Da suka tashi ta leƙa ƙasa, ta ga gonaki da rufin kwano suna ƙanƙancewa, ta tuna wadda ta tambaya ko za a bar ta ta leƙo. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya'akubu da matarsa sun yi musu karɓar girma. An kai su kasuwanni, an hau da su doguwar gada, an nuna musu jiragen ruwa masu girman unguwa guda. Sailuba tana bi ne kawai. Abinci ba ya wuce mata, matar yayanta har tana tsokanarta ko ƙanin 'yar Iya ne a hanya. Gidansu na Lafiya babu tarho, babu wanda za a tambaya, saboda haka kullum da zullumi take kwana take tashi. Ranar da aka kai su bakin teku, Mahmuda ya naɗe ƙafar wando yana dariya kamar yaro, ya dawo ya tsaya kusa da ita ya ce da Sharifa tana nan da ta ji wannan ƙugi tun daga gida. Nan abin da Sailuba ta danne ya ƙwace. Ta fashe da kuka a gaban yayanta da matarsa da duk masu yawo a wurin, ta gaya masa maganar wuyan da ta hasken.

Fuskar Mahmuda ta canza. Aikinsa na yawon ƙauyuka ne, ya san abin da sandarewar wuya take nufi a bazara.

"Me ya hana ki faɗa?"

"A gaban Iya ka tambaye ni."

 Ya san a gaban Iya ya tambaye ta, ya kuma san zaɓi biyu ya ba ta, bai ba ta na uku ba. Washegari suka kama hanyar gida, hutun ko rabi bai yi ba.

Sun tarar da gidan a rufe. Doofan ce ta leƙo ta katanga, ta ce Iya da yarinyar suna babban asibiti, da ranta, kada su firgita. Ta ce bayan tafiyarsu tsohuwa ta yi iya yinta da jiƙo da maganin kemis, har ranar da yarinyar ta fara fizge-fizge idonta ya juye. Ita ta goya ta, Iya na biye babu ko takalmi, suka tari mota a titi. Sanƙarau ne. Doofan ba ta ƙara da cewa ai na gaya miki ba, ta dai kama hannun Sailuba ta riƙe.

A asibiti suka sami Iya zaune a ƙasa kusa da gado, ta rame ta zama kamar ba ita ba. Tun da aka kwantar da yarinyar ba ta matsa daga wurin ba. Sharifa tana barci, hannunta duk sawun allura, kitson nan yana nan yadda aka bar shi, rabi a kitse, rabin ya cukurkuɗe. Zazzaɓin ya sauka. Likita ya ja Mahmuda gefe ya ce an ci sa'a da rai, amma an makara da kawo ta, kuma irin wannan ciwo wani lokaci yakan tafi da ji. Sai an koma gida a lura. Mahmuda ya gaya wa Sailuba a hanyar fita, ta ce ba dai wannan yarinyar ba, likitan bai san kunnenta ba ne.

Aka sallame su, Sharifa ta fara cin abinci, ta fara takawa tana dafa bango. Magana tana yi, sai dai da ƙarfi fiye da da, kuma in an amsa mata ba ta kulawa. Iya ta ce raunin ciwo ne. Mahmuda yakan tafa hannu a bayanta in ya ɗauka babu mai ganinsa, sannan ya fita zaure ya daɗe. Babu wanda ya furta kalmar, kowa yana jiran wani ya fara.

Wata ranar da yamma, hadarin farkon damina yana haɗuwa ta gabas, Sharifa tana zaune a gindin mangwaro ta ba su baya tana jera ƙwallayen mangwaro a ƙasa. Sailuba tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki, Iya tana kan tabarmarta da carbi. Sai ga rugugin jirgi. Yaran unguwa suka ɗauki ihu a waje, suna gudu suna ɗaga masa hannu. Ya zo ya ratsa ta saman gidan, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi yana amsawa. Sharifa ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wani ƙwallon ta ajiye kusa da ɗan'uwansa.

Farantin shinkafar ya karkace a cinyar Sailuba. Ta dubi Iya, Iya ta dube ta. Hawaye yana bin fuskar tsohuwar, ba ta share ba.

"Kira ta," in ji Iya.

"Ke," in ji Sailuba. "Ke, yarinyar nan."

"Ba haka ba. Da sunanta. Ni nawa har aka binne shi ban kira ba. Kira ta, 'yar nan, ko naki za ta ji."

Sunan ya yi mata nauyi a baki, don ba ta taɓa ɗaga shi ba sai a zuci. Ta faɗe shi a hankali tukuna, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ta sake faɗa da ƙarfi. Sannan ta miƙe, shinkafar ta watse a ƙasa, ta kira shi da iyakar muryarta, a gaban surukarta, har Doofan ta fito ta tsaya a jikin katanga, har Mahmuda ya shigo daga zaure da gudu. Sharifa tana nan yadda take, bayanta a juye, tana lissafin ƙwallayenta da ɗan yatsa.

Sailuba ta taka ta je ta durƙusa a gabanta, ta kama fuskarta da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi da rana ba. Yarinyar ta ɗago da mamaki, ta ga bakin uwarta yana motsi, ta ga hawaye. Ta ƙura wa bakin ido, ta ɗan karkata kai irin yadda take yi da in ta jiyo jirgi daga nesa.

"Yaya," in ji ta da ƙarfi, "me kika ce?"

Sailuba ta sake faɗa.